Telan da Ya Koma Rage Kaya

Dogo tela ne tun gemu bai fito masa ba. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, keke ɗaya, benci ɗaya, sai madubi mai tsaga. A da sai ka yi masa magiya kafin ya karɓi yadinka, ya kuma saɓa maka alkawari yana dariya. Halin tela ai ba sai an faɗa ba.

Sai duniya ta juya wa kowa baya. Masana'antu suka yi ta rufewa, bas ta daina tsayawa a bakin layin, sabon ɗinki ya ɗauke ƙaf. Aikin da ya saura masa shi ne ragi. Mutum zai shigo da wando a leda, ya waiwaya ko da mai ji, ya ce, "Dogo, ɗan matse mini ƙugun nan." Mai walda ya zo, direba ya zo, har malamin makarantar nan mai tumbi ya zo, ya sake dawowa. Dogo ya tsokane shi, "Malam, ina ka sauke kayan?" Malam bai yi dariya ba. Daga baya ma aka daina ganinsa a layin, ba kuwa wanda ya yi ƙarfin halin tambaya.

Tsoro ya shigi Dogo, amma hankalinsa bai taɓa kaiwa gida ba. Kullum matarsa na ajiye masa kwano a rufe, in ya ce ta sa hannu sai ta ce, "Ci abinka, na ci tun a kicin." Shi kuwa, kaico, ya yarda! Mai auna ƙugun unguwa guda bai dubi na ɗakinsa ba, don rigunanta na zaune mata daidai, ba inda suka yi mata yawa.

Ran nan hadari ya haɗo, tana kwance wai kanta ke sarawa, sai ya fita kwashe shanya. Rigarta a juye take kan igiya. Yatsunsa suka ji ɗinkin hannu a gefe, ƙanana, an yi an sake. Ashe rage rigar take ta yi a ɓoye. Shi in ya rage kaya ba ya yanke rarar, ninke ta yake ya bar ta a ciki, don ranar da jiki ya dawo a warware. Ita kuwa ta sa almakashi ta datse tata kakaf, don kada kaurin ya tona mata asiri.

Ya shiga ɗaki da rigar a hannu. "Baiwar Allah, tun yaushe?"

"Maigida, ajiye rigar nan."

"Na ce tun yaushe?"

"Ƙafarka ke taka keke," ta ce. "In ta kasa, wa zai ci da mu?"

Kunya ta rufe shi, har ya rasa inda zai sa ido. Ya ɗauko kwanon, ya zauna bakin gado, ya yi loma ya miƙa mata. "Wallahi ba zan taɓa ba sai kin ci."

Ta karɓa don ta faranta masa. Ta tauna, ta yi ta taunawa, ya ga maƙogwaronta ya motsa, lomar ta ƙi wucewa. Ta mayar da ita a tafin hannu, ta juya fuska bango.

"Yi haƙuri, maigida," ta ce a hankali. "Cikin ya daɗe da daina karɓa."