Kukun Sauro

A zamanin da ma'aikaci ke zuwa aiki da riga mai sitati, akwai wani dattijo da ake kira Kuku. Ya yi ƙuruciyarsa yana dafa wa marasa lafiya abinci a asibiti, da girma ya zo sai aka mai da shi ɗakin bincike, inda ake kiwon sauro don gano maganinsa. Aikinsa niƙa busasshiyar hanta da barbaɗa wa tsutsotsin sauro a farantan ruwa.

"Kowa na kashe sauro, kai kana yi masa girki," in ji matarsa. "Allah Ya sa su biya ka da cizo."

Kuku mutum ne mai tsabta. Ya san maiƙo a kan ruwa yana shaƙe tsutsa, ga shi likita ya hana shi kansa kitse. Sai ya shiga wanke garin hantar da sifirit har maiƙon ya fita tas, yana jin ya kyauta.

Tsutsotsin suka ci, amma suka daina saɓa, wato tuɓe tsohuwar fata don su girma. Faranti bayan faranti suka mutu, saura ɗaya. In wannan ya tafi, irin sauron da Malama, shugabar ɗakin, ta yi shekaru tana reno ya ƙare.

Da ta ji abin da ya yi, ta dafe kai, sannan ta jawo masa kujera.

"Baba, jikinmu yana haɗa wani kitse, kolestarol, da kansa. Sauro ba ya iyawa, sai ya ci. A hanjinsa akwai wani furotin, ɗan dako ke nan, shi ke rungumar kitsen ya ratsa da shi cikin ruwan jiki. Da wannan kitsen ake haɗa sinadarin da ke sa tsutsa ta yi saɓa."

"Ranki ya daɗe, wannan abin da bai kai wutsiyar allura ba, har da ɗan dako a cikinsa?"

"Har da shi. Kai kuma ka bar shi ba kaya."

Kuku ya niƙa sabuwar hanta da maiƙonta, ya barbaɗa. Aka yi ta jira.

Wata safiya ya leƙa farantin, ya ga fatu siraran gaske suna yawo a ruwa, masu su kuwa suna ta wutsil-wutsil a ƙasa. Ya cire hula. Ya daɗe a tsaye kafin ya tuna ya kira Malama.