Kawuna da Baƙuwarmu ta Khartum

Shekarun baya, lokacin da yaƙi ya koro mutanen Khartum zuwa Gadarif, mahaifiyata ta sauke wata dattijuwa a ɗakinmu na baya. Ba ta da yawan magana. Jirgi ne ya jefa bam a kasuwar unguwarsu, mijinta ya fita sayen burodi bai dawo ba.

A gidan akwai kawuna, wan mahaifiyata. Mun taso mun san ya yi soja, ya dawo yana noman dawa wajen ƙauyen Doka. Ba ya zancen, mu ma ba ma tambaya.

Wata rana da hantsi muna shan gahawa a inuwar rumfa, sai ga ƙarar jirgi. Matar ta saki kofi ya faɗi ƙasa. Ni kuwa, ƙato da ni, na tsinci kaina ƙarƙashin gado, ƙafafu a waje.

Kawu bai ko ɗaga kai ba. "Kwantar da hankalinki, Hajja. Na feshin gona ne."

Ta ce, "Ya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Na yi shekaru cikin ɗayyara, jirgin soja, a yaƙin Kudu. Ba ni ke tuƙi ba. Ni ke buɗe ƙofar baya, in tura abin da aka ce in tura."

Ta tashi ta shige ɗaki, ta yi kwanaki ba ta fito rumfa ba. Mahaifiyata ta yi ta faɗa: "Haba Yaya, da ka yi shiru mana!" Ya ce, "Tambayata ta yi." Ya haɗa kayansa zai koma gona, don kada baƙuwar ta riƙa ganinsa.

Ranar tafiyar, dattijuwar ta tare shi a bakin ƙofa.

"Daga can sama, kuna ganin mutane?"

"Ba ma gani, Hajja. Rufin ɗakuna ne sai hayaƙi. Sai da na bar aikin na fara ganinsu, kuma har yau ban daina ba."

"To zauna, in gaya maka wanda ke ƙasa."

Ta ba shi labarin mijinta: tela ne, mai son sukari a shayi, mai waƙa a kan keken ɗinki alhali ba shi da murya. Kawu na saurare, hawaye na jiƙa masa gemu. Motar Doka ta tafi ta bar shi.

Ba ta taɓa cewa ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Amma har ta bar gidanmu, ita ke zuba masa abinci da hannunta.

Da ina zaton sai an yafe ake iya zama inuwa ɗaya. Su biyun nan suka nuna mini ba haka ba ne. Kawu ya rasu bara. Da na buga wa dattijuwar waya, ta ce, "Allah ya sauke masa abin da ya ɗauka."