Shafi Huɗun da Ka Ɓoye Mini

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, bayan la'asar, Allah ya karɓi ranka, Mai Lantarki. Ni ban yi karatu ba. Ina faɗa ne babbar 'yata tana rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Masu zuwa gaisuwa suna ta faɗin alherinka, ba su kuwa yi ƙarya ba. Babu gida a layinmu da ba ka hau tsani ka gyara masa waya ba, ko ruwa ba ka tsayawa sha. Amma abin da ni na riƙe daban ne.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, a masana'antar katako, na sa hannun dama ina share garin katako daga bakin injin zarto. Ka gama gyaranka, ka kunna wuta ba ka yi kira ba. Hannun ya tafi. Da manaja ya tambaya ka sunkuyar da kai, aka ce sakacina ne, aka sallame ni. Bayan wata uku ka je ka faɗi gaskiya, kai ma aka kore ka. Ranar ka zo ƙofata ka ce, "Yaya, ka yafe mini." Na ce, "Maido mini da hannuna tukuna."

Ba ka sake roƙo ba. Asabar na zagayowa sai ga ka da wani tsohon littafi, ka zauna a kan benci ka fara karantawa da ƙarfi. Na ce ba na so, amma ban tashi ba. Haka muka yi shekara talatin, kai kana karatu, ni ina zubawa a ka.

Wanda muka fi maimaitawa shi ne labarin wani mai fito da jirginsa ya kife, ya tsira da ransa ya bar yarinyar da ya ɗauko ta nutse. Ya ƙare rayuwarsa yana haye da mutane kyauta, yana kuka yana neman gafara. Kullum a wuri ɗaya kake rufe littafin: ya tsufa a bakin kogi, ba wanda ya amsa masa. Ni kuma in buga ƙafa in ce, "Daidai! Wannan marubuci ya san gaskiya." Kai dai sai ka goge tabarau.

Bara, a shagon aski, wani tsohon malamin makaranta ya ce ai an yafe wa mai fiton. Na yi gardama har hulata ta faɗi. Na ce, "Malam, karatunka na takarda ne, nawa a ka yake. Sau ashirin aka karanta mini!" Ya ce, "To mai karanta maka ɓarawo ne, ya sace maka ƙarshe."

Lokacin ɓarin jikinka ya riga ya shanye, littafin yana ɗakina. 'Yata ta buɗe. Duk shafukan sun yi baƙi da shafar yatsanka, ban da huɗun ƙarshe, fari fat. A cikinsu uwar yarinyar ta shiga jirginsa, ta gane shi a tsakiyar ruwa, ta yafe masa, Ubangiji kuma ya karɓi tubansa. Sai a nan na gane. Ba ka so ka roƙe ni da bakin littafi.

Kwana uku 'yata tana maimaita mini har ya zauna. Na zo ɗakinka da hantsi, maiɗakinka ta jawo mini kujera, na ɗauko labarin daga farko. Da na kai inda kake tsayawa, ka ɗaga hannunka mai lafiya wai in yi shiru. Ka san taurin kaina. Na wuce, na kai shi ƙarshe, na ce, "Ƙanena, na yafe maka, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini 'daidai' ɗin nan da na yi ta faɗa."

Ka yi kuka, sannan ka yi dariya da rabin baki ka ce, "Yaya, ka tsallake layi ɗaya." Ashe ka haddace su tuntuni, ba ka taɓa furtawa ba.

Wata goma sha ɗaya ka yi bayan nan, fuskarka a sake, ni ke zuwa maka Asabar. Don haka ban zo in yi kuka ba. Mun riga mutuwa, ƙanena. Ta zo ta tarar mun gama.

Ina yi wa maiɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka kamar yadda ka haskaka gidajenmu. Ya Ubangiji, haƙƙin nawa ne, na sauke masa. Saura naka, Kai kuwa ka fi ni yafiya. Hannu ɗaya ya rage mini, shi na ɗaga ina roƙa masa. Amin.