Markaɗen La'asar

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare Baba ya yanke shawarar sayar da gidanmu na Mayo Gwoi. Ya sami fili can wajen Kona, yana so ya yi gini ya huta da hayaniya. Gidan ɗaki huɗu ne da falo, da rijiya a tsakar gida, da bishiyar gwaba da ta jingina da katanga. Ni katangar ce damuwata. Akwai inda bulo ɗaya ya fita, ta nan nake hira da 'yar maƙwabciyarmu mai injin markaɗe. Ita kaɗai ce ƙawata. A makaranta ko sunana aka kira sai in sunkuyar da kai.

Baba ya sa wa gidan miliyan goma sha biyar. Dillalin da ya samo, wani dogo mai karkatacciyar hula, ya zagaya ko'ina ya ce, "Yallaɓai, tunda kwalta ta iso layin nan, kuɗin bai yi yawa ba. Abu ɗaya ne, kada mai saye ya zo da safe."

Na gane dalili. Daga safe zuwa azahar injin maƙwabciyarmu ruri yake yi har kwanukan Inna su yi ta rawa a kan kanta. Bayan la'asar kuwa unguwa tsit, sai kukan kurciya. A lokacin ne dillalin yake kawo mutane.

Ranar da za a kawo wani ma'aikacin banki, na ce wa Inna ina marmarin alale. Ta yi mamaki, don ba na cika neman abu ba. Na surfa wake na jiƙa, na zauna ina sauraron ƙarar mota. Suna yin sallama na ɗauki roba na zagaya maƙwabta.

Ta ramin katanga na hango dillali ya buɗe hannuwa yana cewa, "Ka ji unguwa? Ko allura ce ta faɗi..." Sai inji ya tashi. Mutumin ya toshe kunne ɗaya, ya taya gidan miliyan goma, ya tafi bai ko leƙa rijiya ba.

Watan nan mun ci alale, mun ci ƙosai. Baba ya ce, "Wai gidan nan gonar wake muka gada ne?" Inna ta kalle ni, ta ci gaba da tankaɗenta. Farashi ya sauko miliyan sha uku.

Sai aka kawo wata mata mai kunun zaki, wadda take kai wa ofisoshi. Na yi yadda na saba. Inji na tashi ta ɗaga wa dillali hannu, ta bi ƙarar har katanga, ta leƙo ramin. Ido cikin ido da ni.

"Wannan inji kullum yana aiki?"

Dillali ya ce, "Madam, wallahi yau ne kawai..."

"Kai yi shiru. Yarinya, kai faɗa mini."

Ni in aka kalle ni ba na iya ƙarya. Na ce, "Kullum. Har Lahadi."

Ta tafa hannu. Ashe kowace safiya sai ta ɗauki keke napep ta kai gero markaɗe can nesa da gidan da take haya. Kafin ta juyo, dillali ya gyara hula ya ce ai dama sha biyar ne, saboda injin. Ba ta nemi ragi ba.

Ranar da muke kwashe kaya na ƙi cin abinci. Inna ta miƙo mini sauran waken a leda ta ce, "Ungo la'adarki, dillaliya."

A Kona ma akwai inji, layi biyu daga sabon gidanmu. Amma Inna ta gaya wa Baba markaɗensu ba ya laushi. Duk Asabar sai ta ba ni roba da kuɗin keke, ta ce in kai Mayo Gwoi, kuma in akwai layi kada in yi gaggawa.