Kawu Bai Ga Kofin Ba

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a ranar da ƙungiyar ƙwallon da yake so za ta buga wasan da zai ba ta kofi. Tela ne. Shagonsa yana wani lungu a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ƙarƙashin tsohon gida mai tagogin katako da aka tokare da ƙarafa don kada ya zube. Shi ya kawo ni Jidda daga Damagaram, ya samo mini aiki a shagon kayan famfo a Bagdadiyya, kuma a gidansa na Ruwais na zauna shekara biyu kafin na kama ɗakina.

Kawu bai taɓa shiga filin wasa ba. A shago yake kallo, a wata 'yar talabijin da ya ɗora bisa kabad, ƙafarsa a kan keke, idonsa a sama. Rabon ƙungiyar da kofi tun 'yarsa tana firamare, ga shi har ta gama sakandare. Duk shekara sai ya ce, "Bana tamu ce," duk shekara kuma sai a ƙare yana zagin mai tsaron gida da Hausa da Larabci. Da aka zo wannan shekarar, aka ga da gaske ne, samarin unguwa suka yi ta kawo masa yadi ya ɗinka musu tutoci. Mako biyu yana kan keke da kumburarrun ƙafafu. Matarsa, wadda nake kira Tanti, ta yi faɗa har ta gaji. Ya ce idan aka ɗauki kofin zai je asibiti da ƙafarsa.

A shagon ya faɗi. Maƙwabcinsa mai sayar da turare, wani dattijo ɗan Cadi da suka shekara ashirin suna shan shayi tare, shi ya kira ni. Kafin in isa asibiti rai ya yi halinsa.

A can gida Damagaram, wanda ya rasu da hantsi ba ya kai la'asar a waje. Da wannan tunanin na je wurin ma'aikacin da ke ba da takardu. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya lissafa mini da yatsu: wasiƙar kafili, wato ɗan ƙasar da iƙamar Kawu, takardar izinin zamansa, take ƙarƙashin sunansa, sai wasiƙar konsularmu, sai izinin 'yan sanda.

Na ce, "Kafin nan fa?"

Ya ce, "Kafin nan yana talaja."

Kullum ina jin kalmar a kan firjin ruwan sanyi da nama. Ranar na fara jin an faɗe ta a kan mutum.

Na kira kafilin ya fi sau goma, tana shiga ba a ɗauka. Na ruga konsula, suka ce su a shirye suke, amma sai sun ga takardar kafili. Na ɗauki taksi zuwa gidansa. Mai gadi ya ce ai tun bayan azahar ya fita da 'ya'yansa zuwa filin wasa, don su samu shiga kafin cunkoso. Na tsaya a ƙofar gidan ina duba agogo har lokacin tashi daga aiki ya wuce. Gobe Juma'a, jibi Asabar, duk ba a buɗe ofis.

Mahaifiyata ta kira daga Damagaram ina cikin taksin komawa.

"Kun kai shi?"

"Tukuna, Iya. Takardu ake jira."

"Takardun me? Shi da ya mutu, wace takarda kuma yake nema?"

Na ce gobe in Allah ya yarda, alhali na san ba goben ba ne.

Ba a zaman makoki sai an binne, amma mutane suka zo duk da haka. Muka shimfiɗa darduma a soron gidan, maza kamar goma sha biyar, yawanci 'yan Nijar da Cadi, direbobi da masu shaguna. Mata suna ciki. Bayan magariba unguwar ta yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba a Ruwais. Babu mota, babu yara. Ta tagogin maƙwabta kawai kake jin muryar mai sharhi tana hawa tana sauka. Mu kuma muna ta jan carbi, kowa ya sunkuyar da kai, kowa yana jin abin da ɗan'uwansa yake ji.

Ana gab da isha sai ihu ya tashi. Daga kowane gida lokaci guda, kamar ƙasa ta tsage. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: zuciyata ta yi tsalle. Shekara shida ina kallon ƙungiyar nan a gefen Kawu, ta shiga jinina ban sani ba. Hannuna ya kai aljihu, na zaro waya ƙasa-ƙasa, na duba. Da na ɗago sai na ga dattijon nan mai turare yana kallona. Na ji kunya kamar in nutse.

Ya matso, ya ce a hankali, "Mu ne?"

Na ce, "Mu ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Tun safe bai yi kuka ba sai a lokacin.

Da aka tashi wasan, gari ya fito titi. Hon ɗin motoci, ganguna, wasan wuta ta wajen teku. Limamin da ya zo yi mana addu'a ya ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta fito, amma sai motsin bakinsa muke gani. Muka riƙa cewa amin a inda muke zaton ya kai.

Washegari bayan sallar Juma'a na koma gidan kafili. Wannan karon na samu direbansa, ya ce wayar maigidan ta ɓace a turmutsutsun filin wasa, yanzu kuma duk sun tafi bakin teku, inda motar 'yan wasa za ta bi da kofin bayan la'asar. Ya ba ni lambar babban ɗansa. Da ƙyar muka ji juna saboda hayaniya. Na faɗa masa abin da ya faru. Ya yi salati, ya ce motarsu ta maƙale kusa da wani masallaci, ba gaba ba baya, sai dai in ni zan zo.

'Yar Kawu ta ce za ta bi ni. A Jidda aka haife ta, Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, Hausa kuwa tana ji sarai amma idan za ta yi sai ta riƙa tsintar kalmomi. Ita ta rubuta wasiƙar kafilin da hannunta, da lambar iƙamar mahaifinta, aka bar wurin sa hannu. Tanti ba ta so ba. Yarinyar ta ce wa uwarta, "Yumma, halas, magana ta ƙare, zan je." Ta sa abayarta ta wuce gaba.

Taksi ya sauke mu da nisa, ya ce ba zai iya shiga ba. Muka taka. Zafi da gumin teku sun manne mana tufafi a jiki. Ko'ina mutane ne: samari a saman motoci, tsofaffi da jikoki a wuya, mata suna guɗa irin tasu, masu shaguna suna raba ruwa da alewa kyauta. Wani ya fesa mini farin kumfa a kai. Wani da ban sani ba ya rungume ni, ya rataya mini gyalen ƙungiyar a wuya, yana yi mini barka da Larabci, "Mabruk, ya akhi, mabruk!" Na ji bakina ya amsa masa da Allah ya yi albarka. Na riƙe ambulan a ƙirji da hannu biyu don kada ta jiƙe.

Muna cikin kutsawa yarinyar ta tsaya cak. Wata babbar tuta ce aka shimfiɗa daga rufin mota har ƙasa. Ta kama gefenta ta juya, ta nuna mini kalmasar. Layi biyu, na biyun ya ɗan karkace a kusurwa.

Ta ce, "Ta Abuya ce, Yaya." Ɗinkin babanta ta gane.

Yaron da ke kan motar ya ɗauka murna take taya shi, ya ɗaga mata yatsu biyu. Ta saki tutar muka ci gaba. Daga nan har muka isa ta nuna mini guda huɗu, sannan ta daina nunawa.

Kafilin dattijo ne mai ƙiba, ɗan asalin Balad, wanda da can yake da shagon yadi. Mu'allim yake kiran Kawu, wato gwanin sana'a. Muka same shi tsaye a jikin motarsa, farar rigarsa ta yi dabbare-dabbare, muryarsa ta dushe. Yana ganina ya buɗe hannuwa ya rungume ni yana dariya.

"Ina Mu'allim? Me ya sa ba ku zo da shi ba? Wallahi jiya shi nake ta tunawa!"

Na dubi ɗansa. Ya kawar da kai. Ashe bai iya faɗa masa ba.

Yarinyar ce ta faɗa, da Larabci, kalma biyu: babana ya mutu.

Dariyar ba ta bar fuskarsa nan take ba, sai da ta ɗan jima a wurin, kamar ba ta san an gama da ita ba. Ya tambaya yaushe. Na ce jiya da hantsi. Ya ce, "Kafin wasan?" Na ce kafin wasan. Ya zauna a bakin kwalta, yana maimaita la haula, mutane suna tsallake ƙafafunsa.

"Yanzu yana ina?"

Na ce, "Yana talaja, ya Ammi. Sa hannunka muke jira."

Ya buga tafin hannunsa a goshi. Ya ce da ya sani jiya da ya bar filin, da wallahi ya bar shi. Na yarda da shi, har yanzu kuma na yarda. Ya miƙe, na shimfiɗa takardar a kan murfin injin motar, ƙarfen yana ƙona hannu. Biron da na zo da shi ya ƙi rubutu, sai da ɗansa ya aro wani a motar baya.

Yana cikin sa hannu ihu ya ƙaru, aka fara ture mu. Motar 'yan wasan ce ta iso, doguwa mai buɗaɗɗen sama. Shi bai ɗago ba. Yarinyar ma ba ta ɗago ba, tana danne gefen takardar don kada iska ta ɗauke. Ni na ɗago. Na ga kofin a hannun wani, rana tana dukansa. Daga inda nake bai fi butar shayi girma ba.

Kafilin ya karɓi wayar ɗansa ya kira mutum uku da ya sani a ofisoshin nan. Biyu ba su ɗauka ba, na ukun ya ce ya yi haƙuri sai Lahadi.

Ranar Asabar Tanti ta kira ni ɗakinta. Ta miƙo mini bargon Kawu, mai ruwan ƙasa, a ninke.

Ta ce, "Ka kai masa. Ka san ba ya son sanyi. Ko na'urar sanyaya ɗaki ba ya bari a kunna."

Na buɗe baki zan yi magana, na ga idanunta, na karɓa. Na kai har asibitin. Mai kula da wurin ya saurare ni, ya dafa kafaɗata, ya ce ba a shigar da komai. Na wuce da bargon ɗakina na sa a ƙarƙashin gado. Da ta tambaye ni na ce an lulluɓa masa. Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban taɓa gyara maganar ba.

Lahadi tun da safe kafilin ya zo da kansa ya ɗauke ni. Konsula, 'yan sanda, asibiti, kafin azahar an gama komai. Abin da ya tsare mu kwana uku bai ci awa huɗu ba. Ni da dattijon mai turare muka shiga wankan. Ba zan faɗi yadda na same shi ba, sai dai sanyin jikinsa ya daɗe a tafin hannuna. Aka yi masa salla bayan la'asar tare da wasu gawawwaki biyu da ba mu sani ba. A hanyar maƙabarta masu shara suna ta kwashe robobi da yagaggun takardu masu launi daga bakin titi. Kaburburan nan ba a sa musu suna. Na ƙirga layi daga bango don in gane wurin, da na koma bayan wata biyu na kasa tabbatarwa.

Iƙamar Tanti da ta 'yarta a kan ta Kawu suke. Kafilin ya yi iya ƙoƙarinsa ya ga ko za a mayar da su ƙarƙashin wani, abin bai yiwu ba. Ni albashina da irin aikina ba su kai in riƙe iyali a takarda ba. Ba makawa sai sun bar ƙasar. Da Tanti ta fita takaba muka sayar da keken ɗinkin da kayan ɗaki, aka mayar da mabuɗin shago.

Ni na raka su filin jirgi. Yarinyar ba ta taɓa taka Nijar ba. Muna cikin layin awon kaya ta jawo hannun rigata, ta ce in koya mata yadda za ta gaida mahaifiyata idan sun isa, don kada ta yi abin kunya. Na ce ta durƙusa, ta ce ina wuni, ta ce ya ƙarin haƙuri. Ta maimaita, ƙ ɗin tana fita kamar ta Larabawa. Na gyara mata. Ta sake. Tana ta maimaitawa ƙasa-ƙasa har layi ya kawo kansu, ma'aikacin ya miƙo hannu ya karɓi fasfo.