Gwangwanin Mai Busasshen Kifi

Ina zaune a bencin ofishin haraji na Garwa, ina jan carbi, ina jiran a cire sunan marigayi maigidana daga takardar shago. A gabana wata tsohuwa ce gajera, zanenta ya koɗe amma ya sha guga, ƙamshin busasshen kifi na bin ta. Ta rungume gwangwanin madara kamar jikanta. Wani ne ke neman ƙwace mata rumfa a kasuwa, ta zo neman shaidar tata ce.

"Dada, babu sunanki a na'ura," in ji ma'aikacin.

"Na'urarka yarinya ce, ɗana. Ina biya tun ba a yi cikinta ba."

Ta buɗe gwangwanin tana jera rasit a tebur: na rubutun hannu, na hatimi, na inji. Ba ta karatu, amma kowanne ta san shekararsa, har na shekarar takabarta. Ina jin ita kaɗai ta reni 'ya'yanta.

Ma'aikacin ya ba ta kujerarsa, ya sunkuya yana shigar da sunanta, mafi tsufan rasit a hannunsa.

"Riƙe shi a hankali," ta ce. "Ya girme ka."