Ko Ƙwarzane Babu

Ranar Laraba ce, ranar kasuwar garinmu. Bayan sallar asuba ni da wana, Yaya Sani, muka fito da buhunan gero muna ɗaurawa a amalanke. Baba yana zaune a ƙofar gida kan buzunsa yana shan koko, yana yi mana tsiya wai ɗaurinmu ko kaza ba zai riƙe ba. Gwiwoyinsa sun daɗe da mutuwa, ko masallaci sai an kai shi.

Da hantsi muka ji babura. Ƙarar ta fara daga gabas, sai ta zagaye gari. Sai harbi. 'Yan bindiga ne.

"Ku kwanta! Wanda ya gudu ya mutu!"

Mata da yara suka fice ta bayan danga. Na juya zan bi su, sai na ji kamar an maka mini taɓarya a cinya. Na faɗi.

Yaya ya tsaya tsakanina da Baba. Mu biyu ne a ƙasa, shi kuma baya ɗaya gare shi. Baba ya daka masa tsawa.

"Ɗauki ƙanenka! Tafi!"

Ya goya ni. Muna cikin gonar dawa hayaƙi ya turnuƙe daga layinmu. Yaya ya waiga sau ɗaya. Bai ƙara ba.

Azahar ta same mu a cikin kwazazzabo, ya yage rigarsa ya ɗaure mini cinya. Da la'asar muka fito titi. Wata motar gawayi ta kwashe mu tare da matar Yaya da 'ya'yansa da muka tarar a bakin titin, aka tsaya a hanya aka cire mini harsashi. Washegari muka sauka birni, a tashar Kawo. Kawunmu Isa, mai sayar da albasa, ya ba mu ɗaki a unguwar Rafin Guza.

Nan 'yan dubiya suka yi mini caa. Mai kunu, mai lemo, mai addu'a. Kowa sai an kwance masa ciwon ya gani, ya girgiza kai. In za su fita sai su dafa kafaɗar Yaya su ce, "Kai kam ka gode Allah, ko ƙwarzane babu." Shi ke shimfiɗa musu tabarma, shi ke raka su bakin layi. Ba wanda ya taɓa ce masa ya jiki.

Ni da muke ɗaki ɗaya na san ba ya barci. Tuwo ya daina wuce masa. Ya fara dako a Kawo, amma da an ɗora masa buhu a baya sai ya sauke ya zauna. Aka ce ragwanci ya koyo a birni.

Na samu Kawu na ce a kai Yaya asibiti, akwai likitocin irin wannan damuwa. Ya harare ni. Ya ce namiji ne, zai shanye, kada in ja a ce gidanmu akwai taɓin hankali. Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake. Cinyata an kai ta asibiti har na gaji da zuwa. Shi ko tambayarsa ba a yi ba.

Sau ɗaya Yaya ya yi mini zancen ranar. Muna alwala ya ce, "Bala, da na koma." Na ce Baba ne ya ce ka tafi. Ya ce ya sani.

Ranar wata Juma'a ya fita masallaci bai dawo ba. Mun duba tasha, mun duba asibitoci, mun bi bakin kogi har Malali. Matarsa har yanzu takan ɗaga kai in an yi sallama.

Ƙafata ta warke, sai ɗan ɗingishi. In 'yan garinmu sun taru, akan kira sunayen waɗanda aka kashe a yi musu addu'a. Akwai Baba a ciki. Akan ambaci masu rauni, har da ni. Yaya ba ya cikin waɗancan, ba ya cikin waɗannan. Ni kaɗai nake ƙirga shi.